Taswirar Addinai da Tambayar Wurin Haihuwa

A cikin littattafan tarihi da labarin ƙasa na kwaleji da lise akwai wata taswira da ɗalibai suke wucewa da sauri, domin ba kasafai take fitowa a jarrabawa ba. Ita ce taswirar addinan duniya. An shafa wa kowane yanki launinsa. Launi ɗaya ya taso daga gaɓar Senegal, ya ratsa Sahara da ƙasashen Larabawa da Farisa har Pakistan, sa'an nan ya sake ɓullowa a tsibiran Indonesiya. Wani ya lulluɓe Turai da nahiyar Amurka da kudancin Afirka. Na uku ya taru a ƙasar Indiya, na huɗu kuwa ya bi Siri Lanka da Bama da Tailan da Kambodiya. Duk wanda ya tsaya ya dube ta da idon basira zai lura da wani al'amari mai nauyi: imani, wanda kowane mai shi yake ɗauka amana ce tsakaninsa da Ubangijinsa, ya kwanta a bayan ƙasa yanki-yanki, kamar yadda harsuna da damina suke kwanciya. Jaririn da aka haifa a Tawa, da wuya ya tashi ba Musulmi ba. Wanda aka haifa a dare ɗaya da shi a wani ƙauyen Polan, mai yiwuwa Kirista ɗan Katolika zai zama. Na birnin Banaras kuwa, a bakin kogin Ganga, galibi addinin Hindu zai tarar a gidansu.

Daga nan tambaya take tasowa, kuma ba ta ƙyale kowa ba: idan wurin haihuwa ne yake zaɓa wa mafi yawan mutane addininsu, mece ce darajar imanin da aka gada, kuma da wane ido ya kamata magaji ya dubi maƙwabcin da ya gaji wani abu dabam? Maganar ta fi ƙarfin hirar dandali. A ranakun 16 da 17 ga watan Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aƙalla mutum 10 suka rasa rayukansu. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su da hannu a cikin zanen, wasunsu ma ba su taɓa ganin jaridar ba. Abin da ya haɗa su da laifin, a idon masu cinna wutar, shi ne launin da suke da shi a taswira.

Inda suka fito

Bisa ƙiyasin da cibiyar bincike ta Pew, da ke Amurka, ta fitar a 2025 game da shekarar 2020, Kiristoci sun kai miliyar 2 da miliyan 300, Musulmi wajen miliyar 2, mabiya addinin Hindu miliyar 1 da miliyan 200, mabiya Buda miliyan 324, Yahudawa kuwa kusan miliyan 15. Waɗanda suka ce ba su bin kowane addini sun kai miliyar 1 da miliyan 900. Duk yawan nan, addinan biyar a nahiya ɗaya suka bayyana, wato Asiya, kuma a lunguna biyu kacal: yankin da ke tsakanin Bahar Rum da kogin Furatu da Bahar Maliya, da kuma arewacin ƙasar Indiya.

A lungu na farko aka sami addinai uku da suke danganta kansu ga Annabi Ibrahim (AS). Addinin Yahudawa ya ginu a kan imani da Ubangiji ɗaya wanda ya ƙulla alkawari da Bani Isra'ila, ya ba su Attaura. Sau biyu aka rushe musu babban ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus, mutanen Babila a 586 kafin Miladiyya, Rumawa kuma a shekara ta 70. Daga wannan masifa suka koyi ɗaukar addini a cikin littafi da majami'ar unguwa, duk inda iska ta kai su. Kiristanci ya tsiro daga cikin wannan al'umma a ƙarni na 1, lokacin da Falasɗinu take ƙarƙashin mulkin Rum. Kiristoci sun yi imani cewa Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi daga matattu, kuma ta wurinsa ake samun ceto. Manzo Bulus ne ya fi kowa buɗe ƙofar sabon addinin ga waɗanda ba Yahudawa ba, ya yi musu wa'azi da harshen Girka, bai ɗora musu kaciya da dokokin abinci na Attaura ba. Musulunci, wanda mabiyansa suke ɗauka shi ne saƙon dukan annabawa tun daga Adamu, masu tarihi suna ƙirga bayyanarsa daga 610, shekarar da wahayi ya fara sauka ga Annabi Muhammadu (SAW) a Makka. Tushensa tauhidi ne, wato kaɗaita Allah ba tare da abokin tarayya ba. Hijira ta auku a 622, Manzon Allah ya yi wafati a 632.

A lungu na biyu labarin ya sha bamban. Addinin Hindu ba shi da mutum ɗaya da za a ce shi ya kafa shi. Tsofaffin waƙoƙinsa, waɗanda ake kira Veda, an tsara su da harshen Sanskirit fiye da shekara 1000 kafin Miladiyya. Mabiyansa sun yarda cewa rai yana sake dawowa duniya a wani jiki, aikin da mutum ya shuka shi ke yanke masa matsayinsa na gaba, burin ƙarshe kuwa shi ne kuɓuta daga wannan kewayo. Suna da abin bauta masu yawa, ko da yake da yawa daga malamansu suna ganin dukansu fuskoki ne na haƙiƙa guda. A cikin wannan duniya aka haifi Siddarta Gautama a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, tsakanin ƙarni na 6 da na 5 kafin Miladiyya. Ɗan sarauta ne da ya bar gidan ubansa don neman dalilin wahalar ɗan Adam. Ya koyar da cewa tushen wahala shi ne ƙishirwar zuciya, kuma akwai tafarkin horon kai da ke kashe wannan ƙishirwa. Koyarwarsa ba ta jingina ga Mahalicci ba, kuma ya ƙi yarda cewa gidan da aka haifi mutum shi ke auna tsarkinsa. Shi ne aka yi wa laƙabi da Buda, wato wanda ya farka.

Akwai abin lura a nan. Duk addinin da aka san mafarinsa, da mutumin da ya saɓa wa abin da ya tarar ya fara. Annabi Ibrahim ya bijire wa gumakan mutanensa, ya bar ƙasarsu. Buda ya juya wa fada baya. Annabi Isa (AS) ya yi ta gardama da manyan malaman zamaninsa. Babbar hujjar Ƙuraishawa a kan Annabi Muhammadu (SAW) ita ce sun iske iyayensu a kan wata hanya, ba za su sake ta ba. Ke nan addinan da a yau gado ne yake riƙe da su, da ƙin bin gado ido rufe suka soma.

Hanyoyin da suka bi

Babu addinin da ya tashi sama ya sauka a wata ƙasa. Da ƙafar mutane ya yi tafiya, kuma hanyar farko ita ce ta fatauci. Addinin Buda ya bi ayarin hanyar siliki ya isa ƙasar Sin a ƙarni na 1, daga can ya shiga Koriya a ƙarni na 4, Japan a ƙarni na 6. Musulunci ya bi jiragen ruwan fatake a tekun Indiya har ya kafa sarauta a arewacin Sumatara a ƙarshen ƙarni na 13, alhali babu rundunar Larabawa da ta taɓa sa ƙafa a waɗannan tsibirai.

Hanya ta biyu ita ce ta fada. Sarki Asoka na Indiya, bayan jinin da ya zubar a yaƙin Kalinga wajen 261 kafin Miladiyya, ya yi nadama, ya rungumi koyarwar Buda, ya aika masu wa'azi har Siri Lanka. Sarki Konstantin ya ba Kiristoci ƴancin ibada a daular Rum a 313, kafin ƙarni ya ƙare kuma, a 380, Kiristanci ya zama addinin daular. A cikin wannan ƙarnin ne Sarki Ezana na Aksum ya shiga Kiristanci, abin da ya sa cocin Habasha ta girmi ta ƙasashen Turai da yawa. A ƙasar Jamus, yarjejeniyar Ogsbur ta 1555 ta fito da maganar fili: addinin da basarake ya zaɓa, Katolika ko tafarkin Luta, shi talakawansa za su bi, wanda bai yarda ba ya yi ƙaura.

Hanya ta uku ita ce ta alƙalami da fassara. Wani malamin Buda ɗan ƙasar Sin, Shuwanzang, ya tashi a 629 ya ƙetare hamada da duwatsu zuwa Indiya, bai komo ba sai 645, da ɗaruruwan littattafai waɗanda ya ƙare rayuwarsa yana juya su zuwa Sinanci. Littafi Mai Tsarki na Kiristoci ya shiga Latin da Ge'ez na Habasha tun da wuri, cikakkiyar fassararsa ta Hausa kuma ta fito a 1932. A ƙasar Hausa, waƙoƙin wa'azi na ajami, irin waɗanda Nana Asma'u ta tsara da Hausa da Fulatanci, su suka kai tauhidi da fiƙihu cikin tsakar gida, inda Larabci bai kai ba.

Hanya ta huɗu kuwa, wadda babu mai son a ambata a kan nasa addinin, ita ce ta ƙarfi. Turawan Ispaniya da Fotugal sun shiga nahiyar Amurka da takobi da gicciye tare. A 1492 aka kori Yahudawa daga Ispaniya, daga 1609 kuma aka kori jikokin Musulmin Andalus, duk da an riga an tilasta musu baftisma. Rundunonin Musulmi sun ci Sham da Masar da Farisa cikin ƴan shekaru, ko da yake cin ƙasa dabam, musuluntar da zukata dabam: Masar, wadda aka ci wajen 641, ta yi ƙarnoni kafin Musulmi su fi rinjaye a cikinta, kuma har gobe akwai miliyoyin Kiɓɗawa Kiristoci a bakin kogin Nilu. Jiragen bayi sun kai addinin Yarbawa Birazil da Kuba. Ƙwadagon gonakin rake, bayan an soke bauta a mulkin Ingila, ya kai addinin Hindu tsibirin Moris da Tirinidad da Fiji.

Sakamakon waɗannan tafiye-tafiye shi ne mafi yawan addinai sun yi ƙaura daga mahaifarsu. A Indiya, inda Buda ya yi wa'azi, mabiyansa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba a ƙidayar 2011. A 1910 kashi biyu cikin uku na Kiristocin duniya a Turai suke. A 2020 Kiristocin Afirka kudu da Sahara sun fi na Turai yawa. Antakiya, inda aka fara kiran almajiran Yesu da sunan Kiristoci, yau birnin Musulmi ne a Turkiyya. Ogustin, ɗaya daga cikin ginshiƙan tunanin coci, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu aka haife shi a 354. Ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka kashi ɗaya cikin biyar kawai suke da shi na Musulmin duniya, kuma a 2020 Indonesiya ce ke kan gaba a yawan Musulmi. Babban masallacin Kurɗuba ya koma coci tun 1236. Aya Sofiya, wadda aka gina a matsayin coci a 537, ta zama masallaci a 1453. Addinin Zaradushti, wanda ya mulki Farisa shekaru ɗaruruwa, ya rage wa ƴan tsiraru a Iran da Indiya. Addinin Hindu ne kaɗai ya zauna kusa da gida, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na mabiyansa a Indiya suke, amma shi ma ya taɓa kai wa Kambodiya, inda aka gina masa ɗakin bauta na Ankor a ƙarni na 12, har gobe kuma shi ne addinin tsibirin Bali.

Yadda ya iso ƙasar Hausa

Wannan yanki bai fita daga ƙa'idar ba. Marubutan Larabawa sun ruwaito cewa Uƙba ɗan Nafi'u ya kai har Kawar wajen 666. Sarakunan Kanem sun musulunta a ƙarni na 11. Tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali suka kawo addini birnin a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tun farkon ƙarni na 16 aka fara gina ta. Harshen Hausa da kansa yana ɗauke da sawun wannan tafiya. Harafin «l» da ke farkon liman da lahira da littafi da Lahadi da Laraba ragowar «al» ce ta Larabci. Masana harshe sun nuna cewa kalmar rubutu ta bakin Barebari ta shigo, azumi kuwa ta bakin mutanen hamada. Har sunan Maguzawa, masana da dama suna ganin daga «majus» ya fito, sunan da Larabawa suke kiran mabiya Zaradushti na Farisa, wanda aka ɗauko aka liƙa wa manoman da suka tsaya a kan bautar iskoki.

Wato kafin sallar farko a Katsina ko Gobir akwai wani abu da ake yi, kuma ragowarsa tana nan a wurin Anna na kwarin Maraɗi da Azna na Arewa, mutanen Lugu. Ma'anar wannan ita ce kowane Musulmin Damagaram ko Ƙonni yana da wani kaka, na kusa ko na nesa, wanda wata rana ya saurari baƙo, ya bar abin da ubansa yake yi. Haka ɗan ƙaramin garken Kiristocin ƙasar Nijar, wanda mishan ta fara tarawa a cikin shekarun 1920. Haka mai bin Buda a Japan, haka Bafaranshe ɗan Katolika. Duk mai tinƙaho da cewa addininsa ya gada kaka da kakanni, in ya bi salsalar da kyau zai tarar da tubabbe a gindinta.

Mutum biyu, tambaya ɗaya

Masu tunani ba su jira zanen taswira ba kafin su ga wannan matsala. Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya ba da labari a littafinsa Munƙizu minal Dalal cewa tun yana matashi ya lura ƴaƴan Nasara a kan Nasaranci suke tashi, ƴaƴan Yahudu a kan Yahudanci, ƴaƴan Musulmi a kan Musulunci. Wannan lura ta kwance masa ɗaurin taƙlidi, wato bin magabata ba tare da hujja ba. Ya bi malaman kalam da masu falsafa da Baɗiniyya da Sufaye yana neman yaƙini. A 1095 ya bar kujerarsa ta koyarwa a Bagadaza, ya yi shekaru yana keɓe, a ƙarshe ya komo da imanin da ya ce ɗanɗano ne ya tabbatar masa da shi.

Bayan kusan ƙarni biyar, Montaigne ya faɗi makamancin haka a Faransa, a lokacin da Katolika da Furotesta suke yanka juna, zamanin kisan gillar da aka yi a Paris a 1572. A ganinsa, mutum yana zama Kirista ne ta hanyar da yake zama ɗan lardinsa, da an haife shi a wani wuri da wani imani zai riƙe da irin wannan ƙarfi. Bai bar cocinsa ba har ya mutu a 1592, sai dai ya ɗauki darasin cewa hankalin ɗan Adam bai kai matsayin da zai ƙona ɗan'uwansa a kan zatonsa ba. Lura ɗaya ce ta kai Gazali ga zurfafa bincike, ta kai Montaigne ga sassauci. Babu ɗayansu da ta kai ga watsar da addini, kuma babu wanda ya fito daga cikinta yana raina wasu.

Abin da taswira ba ta iya yankewa

Wasu sukan yi gaggawar cewa, tun da imani yana bin wurin haihuwa, to duka al'ada ce, babu gaskiya a ciki. Wannan hujja tana cizon mai ita. Wanda aka haifa a Shangai ko a Firag ta ƙasar Cek, inda mafi yawan mutane ba su bin wani addini, shi ma rashin addinin ya tarar a gida. Idan gado yana ɓata imani, yana ɓata kokanto. Bugu da ƙari, hanyar da abu ya bi ya iso ga mutum ba ita ke nuna ingancinsa ba. Sifiri da alƙaluman lissafi daga Indiya suka taso, suka bi ta Bagadaza, suka shiga Turai, daga can suka dawo ajin boko a Tasawa. Babu ɗalibin da ya ƙirƙiro su da kansa, kuma hakan bai sa lissafinsa ya zama ƙarya ba.

Mai gardama zai ce lissafi kowa ya yarda da shi, addinai kuwa sun saɓa. Gaskiya ne, kuma wannan saɓani ya isa ya sa mai hankali taka-tsantsan. Sai dai saɓani ba ya nufin babu amsa. Ƙarnoni da yawa kusan kowace al'umma ta ɗauki bauta halal, ƙasar Nijar ma sai a 2003 ta sa ta cikin manyan laifuffuka a dokarta. Yaron da ya tashi yau yana ƙyamar sayar da mutum, ƙyamar nan gadonta ya yi daga zamaninsa, amma babu wanda zai ce saboda haka babu gaskiya a cikin maganar bauta.

Wasu kuma, don son zaman lafiya, sukan ce duka addinai abu ɗaya suke faɗi. Niyyar mai kyau ce, maganar kuwa ba ta tsaya ba. Kirista ya ce an gicciye Almasihu, Musulmi ya ce ba a gicciye shi ba. Mai bin Hindu ya ce rai yana dawowa sau da yawa, mai bin Attaura ko Linjila ko Alƙur'ani ya ce rayuwa ɗaya ce sai hisabi. Buda bai gina koyarwarsa a kan Mahalicci ba. Sun haɗu a kan hana kisa da sata da ƙarya, da kuma tausayin matalauci da baƙo, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma wanda ya shafe bambancinsu bai girmama ko ɗaya ba, domin ya mayar da abin da mutane suka ba da ransu dominsa kamar bambancin ɗinkin riga.

Abin da take yankewa

Taswira ba ta faɗin wane addini ne gaskiya. Abin da take rushewa shi ne alfaharin magaji. Wanda ya gaji gona mai albarka yana da damar ya gode, ya noma ta, ya ci amfaninta, amma ba shi da bakin yi wa wanda ya gaji fako dariya, tun da babu ɗayansu da ya zaɓi ubansa. Ko da mutum ya tabbata ɗari bisa ɗari cewa tafarkinsa ne daidai, bai isa ya ce wayonsa ne ya sa aka haife shi a kansa ba. Addinan da kansu sun hango wannan. Musulunci ya koyar da cewa shiriya ta Allah ce, malamansa kuma sun daɗe suna tattauna hukuncin waɗanda saƙo bai kai gare su ba. Gazali, a wani littafinsa kan iyakar da ke tsakanin Musulunci da zindiƙanci, ya tafi a kan cewa wanda kira bai riske shi ba, ko ya riske shi a gurɓace, yana da uzuri. Babban taron cocin Katolika na Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya yarda cewa wanda bai san Linjila ba, ba da laifinsa ba, yana kuma neman Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto, ya kuma ambaci Musulmi da girmamawa. Malaman Yahudawa tun da daɗewa sun ce salihan sauran al'ummai suna da rabo a lahira.

Abu na biyu, taswira tana ɗora wa magaji aiki. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Hausawa, amma gadon da ba a san abin da ke cikinsa ba ajiya ce kawai. A nan matsayin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi, a 1754, yana da amfani. A zamaninsa akwai wasu ɗaliban ilimin kalam da suke tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja su kafirta shi. Shehu ya yi musu raddi, ya kare imanin manomi da tsohuwa da ba su iya jera dalilai ba. Amma shi ne kuma ya zargi malaman da suke barin matansu da ƴaƴansu cikin jahilci. Bai raina imanin gado ba, bai kuma yarda a bar shi a inda aka tarar da shi ba. Wanda yake da halin karatu, musamman malamin makaranta, uzurinsa bai kai na tsohuwa ba.

Abu na uku, taswira tana nuna rashin amfanin tilas. Ƙarfi yana iya sauya launin yanki a takarda, amma Musulmin Andalus da aka yi wa baftisma dole sun yi fiye da ƙarni suna ɓoye sallarsu, har masu mulki suka gaji suka kore su. Sarki Asoka ya sa an sassaƙa a jikin duwatsu gargaɗin cewa mai yabon ɗariƙarsa ta hanyar zagin ta wasu, tasa yake cutarwa. Tarihin Musulunci ma yana da shaida a kusa: wajen 615, da azaba ta tsananta a Makka, wurin Najashi, sarkin Habasha Kirista, Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa, sarkin kuwa ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa. A lokacin da Musulmi suke ƴan tsiraru, maƙwabci mai wani addini ne ya ba su inuwa. Duk wanda yake da rinjaye a garinsu, akwai wani gari a duniya inda ɗan'uwansa ne ɗan tsiraru, yana jiran irin wannan inuwa.

A ƙasar da kusan kashi 99 cikin 100 na jama'arta addini ɗaya suke bi, yaro yana iya gama lise bai taɓa jin abin da Kirista ko Bayahude ko mai bin Buda ya yi imani da shi ba, sai ta bakin mai zaginsu. Wannan giɓi ne da malamai da ƙungiyoyin al'adu suke iya cikewa ba tare da sun taɓa aƙidar kowa ba. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: a bayyana imanin maƙwabci ta yadda, in yana zaune a ajin, zai ce lalle haka yake, ba a yi masa ƙari ba. Ɗalibin da aka koya wa haka ba ya rasa addininsa. Yana sanin ta wace hanya ya iso gare shi, da su wa suka ɗauko shi, da nauyin da ke kansa na ya fahimce shi. In wata rana taro ya taso da ashana a hannu zuwa ƙofar maƙwabcinsa, akwai fatan ya tuna cewa shi da maƙwabcin babu wanda aka yi shawara da shi kafin a haife shi.